Man da Bai Daskare Ba

Sufeto Tudose bai gama kurɓar shayinsa na safe ba aka bugo waya cewa jirgin filin Runcu ya faɗo a gonar masara ta bayan coci. Bai tambayi wane jirgi ba, don guda ɗaya ne da su, ɗan ƙaramin fari mai kujera huɗu da ke zaga duwatsu da baƙi idan zafi ya shigo. Matuƙin yana da rai, in ji mai wayar, amma ƙafarsa ta karye, kuma tun kafin a saka shi a motar asibiti yake kiran sunan wadda ta jawo masa.

Tudose mutum ne da ya tsani sanyi, sai Allah ya sa aka haife shi a kwarin da ya fi ko'ina sanyi a Romaniya. Ya naɗe wuya, ya ja hula har kunne, ya fita yana ƙunƙuni.

Ya tarar da jirgin kwance a kan cikinsa, hanci a cikin dusar ƙanƙara, farfela ta lanƙwashe. Manoma sun kewaye shi, kowa hannu a aljihu, kowa ya zama gwanin jirgi. Shi dai Tudose iliminsa na inji bai wuce sanin inda ake zuba wa motarsa ruwa ba. Amma shekarun aiki sun koya masa cewa duk abin da ya ga yana ɗiga a wurin haɗari ya tara shi, a yi tambaya daga baya. Ya ari kwalbar zuma wadda ba komai a ciki wurin wata mata, ya durƙusa ya tara baƙin man da ke ɗiga daga ƙarƙashin injin, ya rufe ya jefa a but ɗin mota.

Masu binciken haɗarin jirage na babban birni sun aiko cewa ba za su iso ba sai an share dusar ƙanƙarar da ta toshe hanyar kan dutse. Kafin nan magana tana hannunsa.

A asibiti ya sami matuƙin, Horia, an rataye masa ƙafa, bakinsa kuwa lafiya lau.

Horia ya ce injin sabon gyara ne, da kaka aka dawo da shi daga wurin masu haɗa shi. Inji irin wannan sai an hore shi a sama kafin a amince masa da fasinja, kuma aikin da yake yi ke nan kwanakin nan. Shi tun farko ya ce a zuba man zamani wanda sanyi ba ya kama shi. Makanikiyar filin, Mirela Dobrin, ta kafe sai tsagwaron mai na da, mai kauri, wanda sai an ɗumama shi kafin ya yarda ya fito daga garwa. Sun yi ta musu har a gaban shugaban filin, ita ta yi nasara.

"Ga nasarar nan a rataye," in ji Horia, ya nuna ƙafarsa. "Ina barin ƙasa allurar awon mai ta fara sauka. Kafin in juyo, injin ya buga. Man ya daskare a hanya, Yallaɓai, ba wani abu ba. Sai an karɓe lasisinta, ko ni ko ita."

"Da safen wa ya riga wani isa filin?"

"Tare muka isa. Motarta ta ƙi tashi, na biya na ɗauko ta, har mun makara."

"Da kuka isa sai me?"

"Ta zaro sandar awo ta duba mai, ta ce ya cika. Muka turo jirgin waje."

Tudose ya yi masa fatan samun sauƙi ya fito. A bakin ƙofa ya tsaya ya gyara naɗin wuyansa, yana juya maganar nan ta ƙarshe a ransa.

Filin Runcu ba wani abu ba ne: fegin ciyawa mai tsawo, rumfar kwano ta jirgin, sai ɗakin maigadi na katako a gefe, hayaƙi na fita ta rufinsa. Mirela tana cikin rumfar ita kaɗai, tana goge sifanu waɗanda ba su da datti. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, marar yawan magana, hancinta ya yi ja saboda mura. Tudose ya san ta tun tana 'yar makaranta, kuma ya san duk kwarin ba wanda ya taɓa kama ta da aikin ha'inci. Lasisin nan da Horia ke rantsuwa a kansa shi ne abincinta, shi ne kuma sunanta.

Ya tambaye ta dalilin da ya sa ta ƙi man zamani. Nan kaɗai muryarta ta ɗan saki. Ta ce sabon inji zoben fistin ɗinsa bai zauna da jikin silinda ba tukuna, dole su gogi juna kaɗan har su daidaita, kamar sabon takalmi da ƙafa. Man zamani santsinsa ya yi yawa, ba ya barin su gogu, sai injin ya tashi da shan mai har ƙarshen rayuwarsa. Tsagwaron mai shi ne daidai, aibinsa ɗaya, ba ya son sanyi. Shi ya sa kullum da yamma take tsiyaye shi da zafinsa a garwa, a kai ɗakin gadi ya kwana gefen murhu, da safe a mayar da shi yana turiri.

"Yau wa ya mayar?"

"Ni."

"Da hannunki?"

"Ba na barin kowa ya taɓa mini inji, kowa ya sani." Ta sunkuyar da kai ga sifanar. "Na yi gaggawa, man bai yi zafi sosai ba. Horia yana da gaskiya. Ka rubuta haka, zan sa hannu."

Tudose ya daɗe yana aikin nan, ya ga masu laifi iri-iri, amma wanda zai miƙo wuya tun ba a nemi igiya ba, ba kasafai yake zama mai laifin ba. Bai rubuta komai ba. Ya ce ta ɗibar masa irin man nan daga duron da ba a zuba a jirgi ba.

Ta karkata duron, man ya ƙi motsi. Sai da ta sa cokali ta yanko shi kamar man kaɗanya, ta danna masa a wata kwalba. Ita ma ya kai ta but, gefen 'yar'uwarta.

Daga nan ya tsallaka ɗakin gadi. Maigadin shi ne mahaifin Mirela, Pamfil, wanda kowa ke kira Kawu. Tsohon makanike ne na manyan jiragen nan masu fukafukai sama da ƙasa, waɗanda suka yi wa gonakin gwamnati feshi a zamanin kwaminisanci. Tun da matarsa ta rasu ya bar gidansu na ƙauye ya tare a filin. Shugaban filin ya sha cewa tsufa ya cim masa, a kawo wani. Mirela ce take tsaya masa.

Ɗakin ya ɗau zafi har Tudose ya cire hula. Murhun ƙarfe na ruri, an cusa masa itace kamar ana gasa sa.

"Ɗan Safta, shigo ka sha ɗumi," in ji tsohon. Gwaggon Tudose ce Safta, ita ta rene shi, kuma tsofaffin kwarin ba su taɓa yarda ya girma ba. "Ka zo kama masu haɗa injin nan ko? Yaran yanzu, su ɗaura noti da waya a kunne."

"Jiya nan ka kwana, Kawu?"

"Ina zan je? Ni da murhun nan kamar miji da mata."

"Bai mutu ba ko sau ɗaya?"

"A hannuna? Tun ba a haife ka ba nake kwana da man jirgi."

"Da safe wa ya ɗauki garwar?"

Tsohon ya juya ya buɗe murhu, ya tura icen da ba ya bukatar turi. Ya ce wannan aikin Mirela ne, shi nasa wuta.

Tudose ya bi ɗakin da kallo. Gado, tebur, hoton wani jirgi da ya koɗe, hoton Maryam uwar Yesu da fitilarsa. A kan taga akwai wani abu da aka lulluɓe da tawul. Ya ɗaga gefen tawul ɗin. Tukunyar fure ce, irin jan furen nan da matan kwarin ke jerawa a taga, kuma kowa ya san wannan ta marigayiya matar Pamfil ce, da ita ya taho daga gida. Ganyenta duk ya yi baƙi ya langaɓe kamar dafaffen alayyafo, ƙasar tukunyar kuwa jiƙe take, ba ƙishirwa ta kashe ta ba.

Ya mayar da tawul ɗin a hankali. Tsohon bai juyo ba.

Rana ta yi tsaka, kuma Tudose ba ya yin tunanin kirki da yunwa. Ya biya gidan Gwaggo Safta. Ta ajiye masa tuwon masara da cuku da kirim mai tsami, da kwanon miyar kabeji, ta zauna gabansa tana hamma. Ya tambaye ta ko lafiya, ta ce ina lafiya, kwana ta yi zaune a gidan Sofron. Shi da yake ɗan sanda bai ji ba? Tsohon matuƙin jirgin nan Sofron ya cika shekaranjiya, jiya aka yi masa zaman gawa, gobe jana'iza.

Ta shiga lissafa masa waɗanda suka je da waɗanda suka ƙi zuwa, da wadda ta zo da jan ɗankwali don rashin kunya. Tudose yana ci yana gyaɗa kai, rabin kunnensa a wani wuri, har ta ambaci Pamfil.

"Wane Pamfil?"

"Pamfil nawa ka sani? Na filin jirgi. Ya ce leƙowa zai yi ya koma, sai da zakara ya yi cara muka rabu da shi. Abin tausayi, tare suka yi ƙuruciya da mamacin. Ya yi kuka, ya sha barasar gida, ya sake yin kuka. Sannan ya ba mu labarin nan nasa, karo na ɗari."

"Wane daga ciki?"

"Na shekarar babban sanyi mana. Da mai ya daskare musu a gonar gwamnati, ya tsinka shi da fetur, Sofron ya tashi jirgin, shugaban gona ya ba su rago. Ni har na iya inda yake tsayawa ya yi tari."

Tudose ya ajiye cokali. Shi ma ya san labarin, ba wanda ya girma a kwarin bai san shi ba, kuma saninsa da yawa ne ya sa bai tuna da shi ba. Ya fita waje ba hula, Gwaggo tana kiransa ya dawo miya za ta huce. Ya buɗe but ya ɗaga kwalaben biyu a hasken rana. Sun sha sanyi ɗaya tun ɗazu. Ta duro ya kifa ta, man bai ko gusa ba. Ta jirgin kuwa da ya girgiza sai ta yi ƙara kamar ruwan shayi. Ya buɗe ya shinshina. A gonar, komai warin fetur yake yi, ba a bambancewa. Nan tsakar gidan Gwaggo, ba abin da ke wari sai kwalbar.

Bai ji daɗin wannan nasara ba ko kaɗan. Ya koma ciki ya ƙarasa tuwonsa, don ya san ba zai iya cin na dare ba.

La'asar ta yi, rana na neman faɗawa bayan dutse, ya koma filin. Ya aika a kira Mirela ɗakin gadi. Ta shigo sanye da babbar rigar sanyinta, da 'yar jaka a hannu, alamar ta shirya tafiya ofis. Tudose ya jera kwalaben a kan tebur, ya zauna a bakin gado.

"Kawu, zan tafi da Mirela. Ta amsa cewa ita ta zuba mai da sanyinsa, ya daskare a cikin injin. Za a karɓe lasisinta, sauran kuma sai abin da alƙali ya ce."

Tsohon ya dubi 'yarsa, ya dubi jakar. Da alama sai yanzu ya gan ta.

"Wane irin daskarewa? Ƙarya ne. Man nan bai daskare ba."

"Baba, yi shiru," in ji Mirela.

"Ba zan yi ba. Kamar ruwa ya shiga mazurari, da idona na..." Ya tsaya.

"Da idonka," in ji Tudose a hankali. "Horia ya ce tare suka iso da ita, suka tarar inji cike da mai. Furen marigayiya matarka ya ce ɗakin nan ya kwana ba wuta. Gwaggona ta ce kana gidan Sofron har asuba. Kwalbar nan kuma ta faɗi sauran. Ni dai ina so in ji daga bakinka, Kawu, ba daga bakin kwalba ba."

Pamfil ya zauna a kan kujera. Ya murza gwiwoyinsa ya fara magana, bai ɓoye komai ba. Ya ce ya je ne ya yi wa abokinsa sallama ya dawo, zama ya ɗauke shi. Da ya iso da asuba ya tarar murhu ya yi sanyi, fure ya mutu, mai ya sandare a garwa. Ya hura wuta, amma garwa guda ba ta narkewa kafin su iso. Idan aka fasa tashi, shugaban filin zai tambayi dalili, kuma ranar zai bar ɗakin nan, 'yarsa ta ji kunyar tsaya masa da ta yi. Sai ya tsiyayo fetur, ya dama man da sanda har ya saki, ya zuba, ya kunna wa injin na'urar hura iska mai zafi. Da Mirela ta iso ya ce mata ya taimaka mata ne don sun makara, da zafinsa ya zuba. Ta yi masa faɗa kaɗan, ta duba awo, ta yarda.

"Amma ba shi ya kayar da jirgin ba," ya ɗago kai, muryarsa ta dawo da ƙarfinta. "Wannan kam ku nemi wani. Shekara da shekaru muna yi, jirgi bai taɓa faɗo mana ba. Inji na yin zafi fetur ɗin yake bin iska. Ku tambayi Sofron."

 Sofron kuwa yana kwance a akwati a ƙauye.

Mirela ta ajiye jakar, ta durƙusa gaban mahaifinta ta kama hannuwansa. Tudose bai taɓa jin ta yi magana da taushi haka ba. Ta ce jiragensu na zamanin da, tankin mansu ya kai ganga, kuma awo ake yi, fetur ɗan kaɗan ake sakawa, a bar inji ya daɗe yana ɗumi a ƙasa. Wannan ɗan injin duka mansa bai cika bokiti ba. Kuma sabon gyara ne, ba a barin sa ya daɗe yana aiki a ƙasa, da ya ɗan yi ɗumi ake tashi a buɗe masa wuta. Fetur bai sami lokacin fita ba. Ƙarfe ya hau ƙarfe ba abin da ya raba su.

"Yaushe kika sani?"

"A gonar. Na taɓa man da yatsa."

"Shi ne kika ce ke ce?"

"To wa zan ce, Baba?"

Tsohon ya zare hannuwansa daga nata, ya juya su yana kallo, ciki da baya. Hannuwa ne da suka koya mata riƙon sifana.

"Ashe ni na karya yaron nan," ya ce. "Kuma da ɗan Safta bai zo ba, ina nan zaune ina zagin masu gyara, ke kina gaban alƙali." Ya juya ga Tudose. "Rubuta. Ni na bar wuta ta mutu, ni na zuba fetur, ni na yi mata ƙarya. Man da ta zaɓa ba shi da laifi. Wannan ka rubuta shi da manyan baƙi, Horia ya gani."

Tudose ya ce zai rubuta. Ya gaya wa Mirela cewa ita ma akwai magana a kanta, ta ƙaryar da ta yi masa da kuma yarda da man da ba ta ga zubinsa ba, kuma mutanen babban birni ba za su yi mata da sauƙi ba. Amma a ganinsa lasisinta zai tsira. Ta gyaɗa kai kawai, ba ta nuna ta ji daɗi ba.

Bai fito da ankwa ba. Ya ɗauko rigar tsohon daga ƙusa ya riƙe masa ya zura hannu. Har sun kai bakin ƙofa Pamfil ya ce a dakata. Ya koma ya buɗe murhu, ya zaɓi manyan itatuwa biyu ya jera su yadda za su daɗe suna ci, ya rage iska, ya rufe.

"Baba, ba man da za a ɗumama yau," in ji Mirela.

"Na sani. Ke za ki zauna."

Tudose ya buɗe masa ƙofar gaba, ba ta baya ba. Da motar ta juya ya hangi Mirela ta taga, ta yaye tawul ɗin, tana yanke baƙin ganyen da almakashin yankan waya, tana duba ko gindin yana da sauran rai.

Sun kusa ƙauye, inda baƙin ƙyalle ke rataye a ƙofar gidan Sofron, tsohon ya yi gyaran murya.

"Ɗan Safta, kafin ofis, asibiti a kan hanya yake? Ina so in ga yaron nan."

Ba a kan hanya yake ba. Tudose ya sa sigina ya juya.